Wuƙar aljihu: mai ƙyalli ko mai baƙin shafi? Amsa ga ƙanina na Ashaiman

Salamu alaikum ƙanina. Na ga tambayarka tun shekaranjiya, aiki ne ya riƙe ni, kasan Layya ta matso mahauta sun fara kawo wuƙaƙe washi, bana samun zama sai bayan isha'i. Kace kana zaune a Ashaiman kana aiki wajen harbo a Tema, kana son 'yar wuƙar aljihu mai naɗewa wadda zaka riƙa yanke igiya da kwali da roba, wani lokaci ka fere mangwaro ko lemu, ranar Sallah kuma ka kama wa mutanen gida fiɗa. Ka ga guda biyu wajen mai kaya, ɗaya fara tas tana ƙyalli kamar madubi, ɗaya baƙa wuluk an shafa mata wani abu, mai kayan yace baƙar bata tsatsa har abada shi yasa kuɗinta ya fi. Kana tambaya wacce zaka ɗauka.

Ni a gidan fawa na tashi a nan Aboabo, Kumasi, tun ina yaro ni ake ba wuƙaƙen Baaba in wasa kafin asuba, daga baya na tafi Suame Magazine, unguwar makanikai da maƙera ta Kumasi, na koyi aikin giranda da goge ƙarfe, yau shekara ashirin da ɗoriya kenan wuƙa na shigowa hannuna tana fita. To amsata a taƙaice, ɗauki farar, in dai ƙarfenta sitenles ne na gaske. Amma kar ka tsaya a nan, bari in faɗa maka dalili, saboda akwai farar da zan hana ka saya akwai kuma baƙar da zan ce maka saya da gudu.

Abu na farko da nake so ya zauna maka a kai, shafi baya yanka. Ka koma wajen mai kayan ka karɓi baƙar ka juya ta a rana, zaka ga wani siririn zare fari ya bi bakinta tun daga gindi har tsini. Wannan zaren shi ne wuƙar. Duk sauran jikin goyon baya ne kawai. A masana'anta ma sai sun gama shafin sannan suke wasa bakin, kuma kai ma duk ranar da ka ɗora ta kan dutse tsiraicin ƙarfe kake fitarwa, babu wani shafi da zai zauna a wurin. Kuma wurin nan shi ne ke fara haɗuwa da jini, shi ke shiga ruwan lemun tsami, shi ke shiga igiyar da ta sha ruwan teku. Tsatsar da ta fito a tsakiyar jikin wuƙa muni ne kawai, amma wadda ta ci bakin ita ce ke kashe wuƙa, domin baki siriri ne ƙwarai, ɗan rami ɗaya ya isa ya sa ka ji tana kama zare maimakon ta wuce. Saboda haka maganar wai baƙa bata tsatsa har abada, ko dai mai kayan bai sani ba ko yana son cinikinsa ne. Bayan bakin ma akwai wajen da wuƙar ke juyawa a kan ƙusa, akwai wajen da makulli ke kama ta, duk wuraren nan gogayya na cinye shafi cikin 'yan makonni, kuma can ne zufa da ƙura ke taruwa ba ka gani.

Shi yasa in mutum ya zo min da irin tambayarka nake fara tambayarsa wane ƙarfe ne. Ka duba gindin ruwan wuƙar kusa da mariƙi, kamfanin da ya yarda da kayansa yana rubutawa. Ƙarfen da ake ce wa sitenles ƙarfe ne da aka zuba wa kuromiyam aƙalla kashi 10.5 cikin ɗari. Kuromiyam ɗin nan in ya haɗu da iska sai ya yi wata 'yar fata a saman ƙarfen wadda ido baya gani, ita ke tare ruwa, kuma abin da ya fi burge ni game da ita, in ka karce ta sai ta sake fitowa da kanta muddin akwai iska. Wani Bature Harry Brearley ne ya fito da irin wannan ƙarfen a garin Sheffield na Ingila a 1913, garin da dama can an san shi da wuƙaƙe. Kaga kenan wuƙar sitenles da shafinta aka haife ta, shafin da baya ɓarewa, in ya ji ciwo ya warke. Wane fenti ne zai yi maka haka?

In ka ga an rubuta 420HC ko 440C ko 12C27 ko 14C28N ko 8Cr13MoV, duk sitenles ne. Wancan na ƙarshen shi ya fi yawa a wuƙaƙen Chaina masu ɗan dama-dama, 13 ɗin da ke ciki yana nufin kuromiyam wajen kashi 13. In ka ga 1095 ko XC90 ko an rubuta Carbone, to baƙin ƙarfe ne, wato ƙarfen da ba sitenles ba, ba launinsa nake nufi ba, irin na wuƙaƙen iyayenmu da addar manoma, yana kaifi da wuri, yana da daɗin washi, amma ko ka bar shi da jiƙa tsawon sallar la'asar zaka dawo ka tarar ya fara ja. Sai kuma D2 wanda yanzu ya cika wuƙaƙen da samari ke odar su ta intanet, a nan mutane da yawa ke ruɗewa. D2 na da kuromiyam wajen kashi 12, a takarda kamar sitenles, amma kabon ɗinsa ya kai kashi 1.5, kabon ɗin ya kama yawancin kuromiyam ɗin ya ɗaure shi, abin da ya rage bai isa ya yi waccan fatar da kyau ba. Yana riƙe kaifi paa, wannan gaskiya ne, amma a iskar Tema zai yi maka ɗigo-ɗigo.

Wani abu kuma, kar ka ɗauki mayen ƙarfe ka je gwaji irin yadda 'yan kondem ke yi. Su in maye bai kama ba sai su ce sitenles ne, kuma a kan tukunya da sinki sau da yawa haka ne. Amma sitenles ɗin wuƙa iri dabam ne, wanda ake iya gasawa ya yi tauri, shi maye na kama shi ƙam. Na sha ganin mutum ya mayar da wuƙa mai kyau wai an cuce shi saboda maye ya kama.

Yanzu ka dubi inda muke zaune. Mu a Kumasi damina biyu muke yi, babba daga wajen Maris zuwa Yuli, ƙarama daga Satumba zuwa Nuwamba, laima ta ishi kowane ƙarfe. Ku a bakin teku ruwan samanku bai kai namu ba amma naku ya fi muni wajen ƙarfe, domin iskar na ɗauke da gishiri, ka dubi ƙofofin ƙarfe da kwanon rufi na Chorkor ko Tema New Town kawai ka gani. Gishiri shi ne babban abokin gabar waccan fatar ta kuromiyam, yana huda ta ya yi ƙananan ramuka. Sannan wuƙar aljihu a aljihu take kwana, ka shiga trotro rana tsaka daga Ashaiman zuwa Circle, zufar cinyarka ta ratsa wando, zufa kuma ruwan gishiri ce mai ɗumi. Mutumin Kano ko Agadas zai iya riƙe baƙin ƙarfe shekara ba abin da ya same shi, mu lokacin hunturu kaɗai muke ɗanɗana irin wannan sauƙin.

To ga inda gogewa ke shigowa. Ƙarfe in ka duba shi da gilashin ƙara girma kamar gonar da aka yi wa huɗa yake, kunya-kunya, ruwa da gishiri da kitsen nama a cikin kwarin kunyoyin suke maƙalewa. Gogewa ba komai ba ce illa baje kunyoyin nan. Ana farawa da samfefa mai kaushi, lambarta na hawa laushinta na ƙaruwa, a hau 400, a hau 600, 800, 1000, 1500, 2000, kowace tana share layukan wadda ta gabace ta, a ƙarshe a kai kan tayar ƙyalle da koren sabulun gogewa har ka ga fuskarka. In an kai nan ruwa baya samun wajen zama, kana sharewa da tsumma ya tafi gaba ɗaya. Ƙarfe iri ɗaya, ka goge ɗaya ka bar ɗaya da kaushi ka ajiye su a taga ɗaya, mai kaushin zai riga yin tsatsa, wannan na gani da idona ba sau ɗaya ba. Wajen abinci ma haka, jini da kitse basa maƙale wa gogaggiyar wuƙa, ruwan ɗumi da sabulu sun gama magana, ba ƙarni ba komai. Wuƙar Victorinox ta Suwizalan, mai jan mariƙi da ɗan kuros, kamfanin tun 1884 yake, kuma ruwan wuƙarsu gogagge ne fari, da shi masunta da masu hawan dutse da sojoji ke aiki.

Illar mai kamar madubi ita ce bata ɓoye komai. Ranar farko da ka yanka kwali zaka ga layuka, domin kwali da igiyar harbo cike suke da ƙasa da yashi, yatsa ma in ka taɓa sai ya bar shaida. In kai mai son abu ya zauna sabo fil ne zata dame ka. Kuma in kana yanka doya ko ɗanyen rogo ko wani abu mai danshi, santsin kan sa yankan ya manne a jikinta. Shi yasa ni a karan kaina na fi son wadda ake ce wa satin, wato an goge ta amma an tsaya a tsakiya, an bar siraran layuka duk suna kallon gefe guda, tana sheƙi a hankali kamar sabuwar shadda. Tana da mafi yawan amfanin madubi, karce kuma yana ɓacewa cikin layukanta. Akwai kuma wadda ake zubawa a cikin ganga da ƙananan duwatsu ana juyawa har jikinta ya yi dabbare-dabbare kamar sararin sama da hadari, turawa na ce mata wankin dutse, ita kam tun daga shago da karcenta ta zo, duk wanda ka ƙara mata shiga cikin 'yan'uwa yake. Ga mai aikin kwali da igiya kullum irinka, in ka same ta kar ka bari.

Guda biyu ne cikin fararen zan ja maka kunne a kai. Ta farko mai ruwan toka wadda bata sheƙi ko kaɗan, in ka shafa ka ji kamar garin siminti. Wannan fesa mata ƙananan ƙwayoyin gilashi ko yashi aka yi da iska mai ƙarfi. Tana da kyau a ido, ga araha wajen yi, amma abin da aka yi mata kishiyar gogewa ne, an cika jikinta da dubban ramuka, kowane rami kuma rijiyar zufa ce. Ko sitenles ce sai ta yi ɗigon tsatsa a aljihu. Duk cikin kamannin wuƙa ita ce wadda bana so a ƙasar nan koraa. Ta biyu kuma mai kyan ɗan maciji, wadda ke ƙyalli fiye da kima har da ɗan shuɗi-shuɗi kamar bambar tsohuwar mota, ga ta da arahar banza. Sau da yawa ba gogewa ba ce, ƙarfe mai taushi aka tsoma aka yi masa rufin kurom. Yadda zaka gane, duba dab da baki inda aka wasa, in ka ga kamar akwai gaɓa tsakanin ƙyallin da ƙarfen, ko launinsu ya bambanta, ko wani wuri ya fara tashi kamar ɓawon ƙwai, ajiye masa kayansa. Irin wannan in rufin ya fara ɓarewa ɓarɓashinsa kaifi gare shi, ba abin da za a kusanta da abinci ba ne.

Mu dawo kan baƙar. Kalmar baƙin shafi ta haɗa abubuwa da yawa waɗanda ba su da haɗi sai launi, kuma a nan ake cin kuɗin mutane.

Mafi yawan baƙaƙen wuƙaƙen da ake bazawa a tebur a Kejetia ko Kantamanto ko gefen titi, fenti ne. Fenti kawai. Ka sa farce ko bakin makulli a bayan wuƙar ka ɗan danna, in ya yi layi ko ya tashi ka san abin da ke hannunka. Bara waccan wani yaro mai tsire a unguwarmu ya sayi irinta saboda ta yi masa kyau, bai yi wata guda ba ya kawo min ita yana ɓacin rai, kitse da zafin wuta sun tausasa fentin, ya fara ganin baƙin ɓarɓashi a jikin nama. Da na kankare sauran na ga abin da ya fi ɓata min rai, ƙarƙashin fentin ƙarfen ko gogewar farko ba a yi masa ba, layukan giranda ne manya-manya, har da wuri guda kusa da tsini da ya yi shuɗi, alamar an ƙona shi wajen niƙa. Ƙarfen wuƙa in ya yi zafi har ya koma ruwan ƙasa-ƙasa kamar kara ya kai wajen digiri 230, in ya yi shuɗi ya kai wajen 300, a nan taurinsa ya tafi, wurin ba zai ƙara riƙe kaifi ba sai an cinye shi gaba ɗaya. Farar wuƙa bata iya ɓoye maka irin waɗannan layukan giranda. Gogewa aiki ce mai cin lokaci da hannu, fenti kuwa minti kaɗan ne, to mai son ya rage kuɗin aiki ya kuma ƙara farashi wanne kake gani zai zaɓa? Kuma abin da ke faruwa in fenti ya tsage, ruwa na shiga ta tsagar ya kwanta a ƙarƙashi inda tsumma baya kaiwa iska bata busarwa, tsatsa ta riƙa tafiya a ɓoye, kai kana ganin baƙi lafiya lau sai ranar da ya kumbura ya fashe.

Sama da fenti akwai shafin gari da ake gasawa, mai kauri, irin wanda ake yi wa manyan wuƙaƙen daji na baƙin ƙarfe. Yana kare tsatsa sosai, sai dai kaurinsa da kaushinsa na riƙe wuƙa cikin yanka, a 'yar wuƙar aljihu zaka ji tana ja. Akwai Cerakote, shi ma fesawa ake a gasa a tanda, siriri ne wajen maikuron 25 (maikuron dubu ne milimita ɗaya), wajen tare tsatsa yana cikin na gaba-gaba kuma ana yinsa launi-launi, amma da aikin kwali kullum zai goge ta gefen baki da tsini. Akwai baƙin da ake yi da sinadari wanda ke rina saman ƙarfen kansa, shi baya ɓarewa amma siriri ne ƙwarai, in ba mai a kansa kariyarsa kaɗan ce.

Sai manyan, waɗanda ake yi a cikin wata na'ura da aka zuƙe wa iska, ana turara sinadarin ya zauna a jikin ƙarfen. Ka san bakin dirila mai ruwan gwal da ake sayarwa a shagunan kayan aiki? To wannan ruwan gwal ɗin irin shafin ne, na taitaniyam. Wanda ya fi suna a wuƙaƙe shi ne DLC, kabon ne da aka sa ya yi tauri ya doshi na daimon. Kaurinsa maikuron biyu zuwa huɗu ne ko ƙasa da haka, gashin kanka ɗaya ya kai wajen 70, ka ji sirantaka, amma taurinsa ya ninka na ƙarfen wuƙar sau uku ko fiye. Wannan ba fenti ba ne, farce da makulli basa yi masa komai, sau da yawa ma in ka ga farin layi a kansa makullin ne ya goge ya bar nasa ƙarfen, ka sa ɗan mai ka share ya tafi. Ga santsi, baya riƙe yanka. In baƙar da ka gani DLC ce ta gaske daga kamfanin da aka sani, ba ni da abin cewa a kanta sai alheri. Amma ka sani shi ma yana da ƙananan huji da ido baya gani, yana rage tsatsa ne baya kashe ta, kuma kamfanin da ya kashe kuɗi ya yi DLC zai rubuta a kwali da babban baƙi saboda abin alfahari ne. In mai kaya ya kasa faɗa maka sunan shafin kuma kwali bai faɗa ba, ɗauka fenti ne. Araha bata ado.

Babban abin da ya sa nake tsayawa a kan fara shi ne gyara. Wuƙar aiki dole ta karce, kuma duk wanda ke koyon washi da hannu sai ya kwantar da ita fiye da kima dutse ya ci jikinta, kowa ya bi ta nan. In fara ce, ka je wajen masu kayan fentin mota a Abossey Okai ko nan Magazine ka sayi samfefar ruwa 600 da 1000, ka naɗe ta a ɗan katako, ka ɗiga ruwa ko mai, ka riƙa ja gefe guda kawai daga gindi zuwa tsini, kar ka yi gaba da baya kar ka yi zagaye, cikin rabin awa ta dawo satin kamar daga kwali. In kana son ƙyalli ka ƙara da 2000 da ɗan man goge ƙarfe irin su Autosol a tsumma. Ɗigon tsatsa ma haka, ko toka da jiƙaƙƙen tsumma irin yadda iyayenmu mata ke yi wa tukunya yana ɗauke shi. Zaka iya yin haka sau goma cikin shekara goma wuƙar na nan. Baƙa kuwa in ta karce ta karce kenan, babu abin da ni ko kai zamu iya yi a gida mu mayar, sai dai a kankare duka a mayar da ita fara, DLC kuma kankare shi ma wahala ce saboda taurin. Roƙona ɗaya, kar ka kai 'yar wuƙarka kan tayar gogewa ta inji in ba ka saba ba. Tayar ƙyalle na fizge wuƙa daga hannu ta jefa ta, na ga wanda ta tsaga wa cinya a gabana, ta fi giranda haɗari nesa ba kusa ba. Hannu da katako sun ishe ka.

Yaushe baƙa ke da amfani? In ƙarfen 1095 ne ko D2 kuma kai ka san ba mai shafa mai kullum ba ne, to shafi mai kyau zai rage maka wahala a jikin wuƙar, sai ka kula da bakin kawai. Asalin abin ma daga nan ya fito. Wuƙar Ka-Bar da sojojin Amurka suka fara riƙewa a 1942 lokacin yaƙin duniya na biyu baƙin ƙarfe ce, an baƙanta ta ne don tsatsa da kuma kar ta yi walƙiya abokin gaba ya hango. Soja da maharbi na da hujja. Kai da zaka yanke igiya a harbo ƙyalli ma taimakonka zai yi, in ta faɗi da dare tsakanin kaya tocilan na haskawa zaka gan ta.

Kuma akwai hanya ta uku da tsofaffinmu suka bi ba tare da sun ba ta suna ba. Okapi ɗin nan mai zobe a baya da kakanninmu fatake ke sakawa a aljihun 'yar shara, a Solingen ta Jamus aka fara yinta a 1902, daga baya a 1988 aikin ya koma Afirka ta Kudu. Douk-Douk kuma ta Faransa ce daga garin Thiers tun 1929, ta yi suna a ƙasashen da Faransa ta mulka. Opinel mai mariƙin katako ita ma ta Faransa, tun 1890, tana zuwa iri biyu, Carbone da Inox, Inox ɗin ita ce sitenles. Waɗannan na baƙin ƙarfen ba a shafa musu komai a ruwan wuƙar, amma in kana yanka albasa da nama da lemu kana sharewa, sai su rine da kansu su koma toka-toka da shuɗi-shuɗi har su yi duhu. Wannan duhun ba tsatsa ba ne, kar ka kankare shi, shi ke rage wa jar tsatsa hanya. Wuƙar fiɗar Baaba haka take, baƙa ƙirin, in ka shafa santsi kamar gilashi, har yau tana wajena ina aiki da ita. Sai dai kowa ya sayi rariya ya san zata zubda ruwa, baƙin ƙarfe na son mai shi ya share shi duk lokacin da ya gama aiki, kuma farko-farko yana sa wa mangwaro da abarba ɗanɗanon ƙarfe. A aikinka na bakin teku ban ba ka shawararsa ba.

Wani abu da samari basa tunawa, dokar laifuka ta Ghana, Act 29 ta 1960, ta hana yawo da makami a bainar jama'a ba tare da hujja ba. 'Yar farar wuƙa ta fere lemu a aljihun ma'aikaci kowa ya gani ya san kayan aiki ce. Baƙa mai zanen ƙoƙon kai da haƙora a baya, in aka ciro ta daga aljihunka a shingen 'yan sanda da dare, bayaninka zai yi tsawo, kuma ka san yadda ake kallon yaran zango tun kafin su buɗe baki. Wannan yana damuna ƙwarai, bana son ɗanmu ya kwana a sel saboda kwalliyar wuƙa.

Maganar Sallah kuma, wuƙar aljihu ta fiɗa ce da gyaran kayan ciki, kar ka yanka rago da ita, gajeriya ce kuma tana iya naɗewa a yatsunka. Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya yi umarni a wasa wuƙa a hutar da abin yanka, a samu doguwa mai kaifi a yi wannan. In kun gama fiɗa ka buɗe ta rabi ka wanke har cikin mariƙin da ruwan ɗumi da sabulu da tsohon buroshin haƙori, domin jini na da gishiri kuma can ciki yake daskarewa. Ka yarfe ta, ka shanya ta a buɗe a rana ta bushe sarai kafin ka naɗe. Kar ka jiƙa ta a parazon, wato bilic, wai don kashe ƙwayoyin cuta, bilic na huda sitenles da gaggawa. Wajen mai, tunda zata taɓa abinci kar ka sa baƙin man inji ko man birki, ka shiga kemis ka ce a ba ka farafin na ruwa, ɗigo ɗaya a wajen ƙusa, ɗigo ɗaya ka shafe jikin. In babu, ɗan man kaɗe ya yi. Man ja da man gyaɗa suna yin danƙo su yi wari in sun daɗe, su kama ƙura a maƙogwaron wuƙar har ta ƙi buɗewa. In ka ɗinka mata kube na fata wajen dukawa, na yawo ne kawai, kar ka bar ta ciki wata da watanni lokacin damina, fata na shan laima ta riƙe.

To in ka koma wajen mai kayan, fara karanta abin da aka rubuta a gindin farar. In ka ga ɗaya daga cikin sunayen sitenles ɗin can, ka duba bakin ba gaɓar rufi, ka buɗe ta ka girgiza ka ji bata lilo gefe da gefe, makullin na kamawa da ƙara, biya ka tafi. In ba a rubuta komai ba sai kalmar sitenles kaɗai ba lamba, zata yi fere lemu amma kwali zai dakushe ta kullum, sai ka haɗa da ɗan dutsen washi. Baƙar kuma ka tambaye shi sunan shafin da sunan ƙarfen, in yace DLC a kan D2 ko 14C28N kuma kwalin ya nuna haka, ɗauko min hoton rubutun gindin da na bayan kwalin ka turo kafin ka ba da kuɗi, zan duba maka in sha Allahu. Ka gaida mutanen gida.